Ina Marubuci Ya Ajiye Zumar? Nazari a Kan Daɗin Karatun Ƙagaggun Labarai a Tsakanin Matasan Wudil

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗabi'ar karanta ƙagaggun labaran Hausa a tsakanin samari da 'yan mata, ta ɗauki garin Wudil a matsayin fagen magana. Ta bibiyi asalin hukuncin ƙaga labari a wurin malamai, sannan ta gabatar da ma'auni guda na tantance littafi, wato duba wurin da marubuci ya tara daɗin labarinsa. Da wannan ma'auni ta auna littattafai uku da suka shahara a farkon shekarun 1990. Abin da ta cimma shi ne, daɗin da matashi ke ji a karatu shi ne ƙofar da darasi ke bi ya shiga zuciyarsa, mai kyau ne ko maras kyau, don haka a nan ya kamata mai sharhi ya kafa ido.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Wudil gari ne na bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. An san shi da kasuwar Juma'a wadda fataken shanu ke ci daga nesa, an kuma san shi da makarantu: akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano, wadda aka raɗa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, akwai makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, ban da sakandare da Islamiyyu da makarantun allo. Gari irin wannan, inda birni da ƙauye suka yi kiciɓis, cike yake da matasa masu iya karanta Hausar boko. Da dama daga cikinsu, musamman 'yan mata, littafin farko da suka karanta daga bango zuwa bango ba tare da tsoron jarrabawa ba, labarin soyayya ne.

A da, littafin kan zo daga Kano cikin kayan 'yan kasuwa, a saya ko a karɓi haya, ya yi ta yawo hannu da hannu har bangonsa ya yage. Yau labarin ya koma cikin waya. Abin da bai sauya ba shi ne tambayar da iyaye ke kawo wa malami bayan sallar Magariba: wannan karatu da yarinya ta duƙufa a kai, halal ne ko haram?

Amsoshin da aka fi ji iri biyu ne. Wani malamin ya haramta a dunƙule, wani ya kau da kai yana ganin abin bai kai a tanka ba. Duka biyun sun yi tarayya a abu guda, wato ba su karanta littattafan ba. Alhali ƙa'ida ce sananniya a wurin masana usulu cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa. Wanda bai san abin da ke cikin ƙwarya ba, ba shi da ta cewa a kan ɗanɗanonsa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ƙagaggen labari a rubutun boko ya soma ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Waɗannan da Magana Jari Ce sun zama abincin ɗaliban makaranta shekaru da dama. A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, labarin Boɗaɗo Bafulatana da masoyinta Yasir, wanda ya kawo muryar budurwa tsakiyar fage.

Daga tsakiyar shekarun 1980, matasan da suka yi karatun boko suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa kasuwa da kansu. A nan sunaye irin su Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka bayyana. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi da rashin zurfi, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare shi, aka yi doguwar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar Kano, a 2007 kuma, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan ja-in-ja, muryar masana harshe da ta hukuma ce ta fi fitowa. Masana shari'a sun yi wa'azi a kan lamarin da yawa, amma nazarin matani ɗaya bayan ɗaya ya yi ƙaranci a ɓangarensu.

3.0 Ƙage da Ƙarya

Masu haramtawa suna kafa hujja da abubuwa biyu. Na farko, ayar Suratu Luƙman da ta zargi mai sayen lahawul hadisi, wadda wasu masu tafsiri suka ce ta sauka ne a kan Nadru bn Haris, mutumin da ke kawo labaran sarakunan Farisa irin su Rustum da Isfandiyar don ya janye Ƙuraishawa daga sauraren Alƙur'ani. Na biyu, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai yin narko ga wanda ke shara ƙarya don ya ba mutane dariya.

Hujjojin nan suna da nauyi, sai dai kowacce tana da iyakarta. Ayar ta ɗaure zargin da manufa, wato ɓatar da mutane daga tafarkin Allah da mayar da shi abin izgili. Illar hukuncin ke nan, kuma hukunci yana tafiya ne tare da illarsa. Ita kuwa ƙarya, ba da labari ne saɓanin yadda abu yake ga wanda zai ɗauke shi gaskiya. Mai karanta ƙagaggen labari ya san tun daga bango cewa mutanen ciki ba su taɓa rayuwa ba. Bahaushe ma ya daɗe da warware wannan a tatsuniya, inda gwaggo ke rufewa da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya, wato ta sanar da yara cewa abin da suka ji misali ne.

Turasin malamai ya tafi a kan wannan fahimta. Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya ƙagi Abu Zaidis Saruji da Harisu bn Hammam, kuma a gabatarwar Muƙamominsa ya kare kansa da cewa aikinsa ɗan'uwan labaran da ake sanyawa a bakin dabbobi ne, waɗanda ba a taɓa jin an ɗora wa masu ruwaito su zunubi ba. Wannan littafi ana karanta shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato har yau, kuma Abubakar Imam da kansa ya faɗa cewa daga salon waɗannan mutum biyu ya ɗauko dabarar taurarin Ruwan Bagaja. Haka Kalila wa Dimna na Ibnul Muƙaffa, da Hayyu bn Yaƙzan na Ibn Tufail.

Batun so kuwa, malamai ba su ɗauke shi abin da ba a taɓawa ba. Ibn Hazm ya rubuta Ɗauƙul Hamama, Ibnul Ƙayyim ya rubuta Raudatul Muhibbina, Ibnul Jauzi ya rubuta Zammul Hawa. A Sahihul Buhari akwai ƙissar Mugis yana bin Barira a lungunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah (SAW) ya yi masa ceto, ita kuma ta ƙi, ba a tilasta ta ba. Akwai hadisin Ummu Zar'in, inda Nana A'isha (RA) ta zayyana hirar mata goma sha ɗaya a kan mazajensu, Annabi (SAW) ya saurara har ƙarshe, sannan ya kamanta kansa a wurinta da mafi kyawun mazajen. Alƙali Iyad ya keɓe wa wannan hadisi littafi guda, Bugyatur Ra'id, Ibn Hajar kuma ya ciro daga cikinsa halaccin hira da iyali da labarai, da cewa ambaton aibin wanda ba a sani ba ba ya zama gulma.

Saboda haka, asali a ƙaga labari shi ne halacci, hukunci kuma yana sauyawa gwargwadon abin da labarin ya ƙunsa da abin da yake haifarwa. Wannan ya mayar da mas'alar hannun mai sharhi: da me za a auna abin da labari ke haifarwa?

4.0 Ma'auni: Gurbin Daɗi

Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne duba ƙarshen labari. Idan mugu ya wulaƙanta, mazinaci ya tuba, sai a ce littafin ya faɗakar. Wannan ma'auni yana da rauni. Marubuci na iya cinye shafi ɗari biyu yana ƙawata saɓo, yana jan numfashin mai karatu a cikinsa, sannan ya liƙa tuba a shafi biyu na ƙarshe kamar yadda ake liƙa tambari a buhu. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta rufe littafin ba za ta tuna shafuka biyun ba. Abin da zai zauna mata shi ne wurin da zuciyarta ta buga, wurin da ta koma ta sake karantawa.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce: ina marubuci ya ajiye zumar? Wane fage ya fi ɓata wa lokaci da ƙwarewa? Me ya sa mai karatu ya yi ta ɗokin ya faru?

Suratu Yusuf ce babbar makaranta a nan, tare da kiyaye cewa ƙissar Alƙur'ani gaskiya ce tsantsa, abin da ake koyo daga gare ta a wannan babi hanyar bayar da labari ce kawai. Surar ta ƙunshi hassadar 'yan'uwa, da so mai tsanani, da kulle ƙofofi, da kurkuku. Amma fagen jarrabawar ya wuce cikin ayoyi kaɗan, ba a siffanta jikin matar ba, ba a ma ambaci sunanta ba, hankalin mai sauraro kuma an karkatar da shi ga gudu zuwa ƙofa da rigar da ta yage ta baya. Rigar nan ta bayyana sau uku: da jinin ƙarya, da yagewa, da kuma lokacin da aka jefa ta a fuskar uba ganinsa ya dawo. Inda zuciya ke narkewa a surar shi ne lokacin da Yusuf ya bayyana kansa ya kuma yafe. An ambaci sharri ba tare da an sa masa zuma ba, an tara zumar a kan kamewa da yafiya.

5.0 Littattafai Uku a Kan Ma'auni

5.1 Wa Zai Auri Jahila?

A wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, an cire Abu daga makaranta tana ƙarama, ɗan'uwanta da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta saboda ba ta yi karatu ba, mahaifinta ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu birni wurin wata 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Zumar littafin tana kan wannan hawa: mai karatu yana jin daɗi duk lokacin da Abu ta taka wani tsani na ilimi. Budurwar da ta karanta shi za ta tashi da sha'awar zama mai sani, wannan kuwa sha'awa ce da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yaƙi a kanta a Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Littafin ya kuma taɓo mas'alar ijbari. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukan Wudil kamar sauran ƙasar Hausa, ta ba uba damar aurar da 'yarsa budurwa ba da izininta ba. Sai dai malaman mazhaba sun ƙayyade wannan dama da rashin cutarwa, sun kuma taƙaita ta ga uba da wasiyyinsa, ba ta kai ga kaka ko kawu ko yaya ba, alhali su ne sau da yawa masu tilastawa a cikin waɗannan labarai da kuma a gidaje. Hanafawa da Ibn Taimiyya ba su ga ijbari a kan baliga ba sam. Labarin Abu ya sa wa sharaɗin rashin cutarwa fuska da suna, abin da matanin fiƙihu ba ya yi. Rauninsa shi ne ya karkata ga auna ilimi da takardar boko da aikin albashi, har mai karatu na iya ɗauka cewa wanda bai bi wannan hanya ba shi ne jahili.

5.2 In Da So Da Ƙauna

Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a zamaninsu. Sumayya, 'yar masu hali, tana son Muhammad, talaka mai ladabi, manyan gida kuma sun karkata ga Abdulƙadir mai dukiya. Mafi yawan zumar littafin tana kan so mai kamun kai wanda ke neman aure, da fifita hali a kan kuɗi. A nan marubucin ya fi iyayen labarin kusa da fiƙihun Malikiyya, domin kafa'a a mazhabar tana komawa ne ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da zaɓi, dukiya ba ta cikin sharuɗɗanta a mashhurin zance.

Amma akwai rijiya. Da aka matsa wa Sumayya, sai ta faɗa rijiya, aka ceto ta, daga bisani al'amari ya warware ta auri wanda take so. Matsalar tana cikin ginin labarin: yunƙurin halaka kai shi ne ƙololuwar tashin hankali, kuma bayansa ne ƙofa ta buɗe. Ko da marubuci bai yi nufin haka ba, jerin abubuwan yana raɗa wa yarinyar da ke cikin ƙunci cewa ga mabuɗin zukatan iyaye. Kashe kai yana cikin manyan zunubai, kuma babin toshe kafa ya fi ƙarfi idan mai sauraro yaro ne. Wannan aibi ne na haƙiƙa a littafi mai alheri da yawa, adalci kuma shi ne a faɗi duka biyun.

5.3 Alhaki Kuykuyo Ne

A wannan littafi, shi ma na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, Alhaji Abdu ya tauye wa matarsa Rabi da 'ya'yanta tara haƙƙin ci da sha, ya auro Delu, ya kori Rabi. Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar abinci, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci, shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa. Matashiya tana karanta labarin ne da idon Saudatu, tana koyon babin nafaƙa da adalci tsakanin mata tun kafin ta kai shi a Islamiyya. Ƙarfin littafin yana cikin ƙarshensa mai ɗaci, inda aka matsa wa Rabi ta koma ga mijin da ya wulaƙanta ta, marubuciyar kuma ba ta yi wa wannan komawa kwalliya ba. Abin da malami zai gyara wa ɗalibi shi ne zaton cewa sakayya dole ta bayyana a duniya. Sau da yawa ana jinkirta wa azzalumi, kuma wanda ya gina haƙurinsa a kan jiran ganin gobarar maƙiyinsa zai iya yanke ƙauna idan ba ta tashi ba.

6.0 Zamanin Waya

Littattafan nan uku sun bi ta hannun maɗaba'a da 'yan kasuwa, suna ɗauke da sunayen marubutan da aka san gidajensu. Labarin da ke isowa wayar ɗaliba a Wudil yau ta WhatsApp ko Wattpad yakan zo kashi-kashi, sau da yawa da sunan aro, wani lokaci sai an biya kafin a ga ci gaba. Wannan tsari yana tura marubuci ya ƙare kowane kashi da abin da zai ja mai karatu ya dawo, hanya mafi arha ta yin haka kuwa ita ce batsa da baje kolin dukiya. A irin waɗannan rubuce-rubuce kinaya ta faɗi, an koma fayyace abin da shari'a da kunyar Bahaushe suka rufe. Hukuncinsu a fili yake, kuma tubar shafin ƙarshe ba ta wanke su. Sai dai a cikin wayar akwai marubuta masu tsabtar alƙalami. Wanda ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro ya zalunci na kirki, ya kuma zubar da ƙimar maganarsa a wurin matasan da suka san bambancin. Ashana ta iya cin takarda a 2007, amma ba ta da abin da za ta yi da waya.

7.0 Kammalawa

Matashin da ya kwana yana karatu don daɗi ya mallaki abin da malamai ke wahalar dasawa a zukatan ɗalibai, wato haƙurin zama da rubutu. Kashe wannan ɗabi'a asara ce, barin ta ba jagora kuma sakaci ne. Abin da ya rage shi ne tarbiyyar ɗanɗano.

Wannan yana buƙatar malaman Islamiyya, musamman mata, su karanta abin da ɗalibansu ke karantawa, su kawo shi aji a matsayin mas'ala: wa ke da ikon tilasta Abu, mene ne haƙƙin Rabi, wace hanya ta rage wa Sumayya ban da rijiya. Yana buƙatar a koya wa ɗalibi ya tambayi kansa bayan kowane littafi, me wannan labari ya sa na yi sha'awa, kuma ya ci mini lokacin salla ko na hadda? Yana kuma buƙatar ɗaliban ilimin addini masu baiwar alƙalami su shiga fagen da kansu. Najib Kilani na Masar likita ne, amma ya rubuta ƙagaggun labarai masu ruhin Musulunci, har da Amaliƙatus Shimal wanda ya gina a kan Arewacin Nijeriya. Abul Hasan Nadawi, duk da girman matsayinsa, bai ga ƙasƙanci ba a rubuta wa yara Ƙisasun Nabiyyina. Idan masu ilimi suka ƙaurace wa labari, matasa ba za su daina karatu ba, za su karanta abin da suka samu ne.

Uban da ya zo da tambaya bayan Magariba ya cancanci amsar da ta fi halal ko haram a dunƙule. Ya cancanci a tambaye shi sunan littafin, a karɓa a duba, sannan a gaya masa inda zumarsa take. Allah ne mafi sani.